Toka Ba Ta Auren Toka

Da babban yatsa na buɗe bakin 'yar tunkiyar, kamar yadda na saba ganin Ouma tana yi tun ina ƙarami, sai na ga harshen fari. Ba fari fat ba, ja-ja ne mai haske irin na jariri, da ɗigon baƙi guda ɗaya can gefe wanda bai wuce kan ashana ba. Na ɗaga kanta na leƙa saman bakin, shi ma haka.

Safiyar Talata ce a watan Yuni, tsakiyar hunturu a ƙasarmu ta nan kudu, sanyi har ya daskarar da ruwan da ke komin dabbobi. Ouma Fransina, kakata ta wajen uwa, tana zaune kan kifaffen bokiti a bakin shinge, ta lulluɓa da bargo, lofenta a baki babu wuta. Wata shida ke nan idanunta ba sa rarrabe komai sai haske da duhu.

"Maigida, na ji ka yi shiru," in ji ta. Sunana Gerson, amma haka take kirana tun ina yawo ba wando. "Mace ce ko namiji?"

"Mace ce, Ouma."

"Launi fa?"

"Ruwan toka."

"Allah mun gode maka. To, me harshen ya ce?"

Uwar, tsohuwar tunkiyarmu Duifie, tana ta lasar bayan hannuna tana neman 'yarta. Na haɗiyi yawu na ce, "Baƙi ne."

"Baƙi ƙirin?"

"Baƙi ƙirin, Ouma."

Ta cire lofen daga baki, ta juya fuskarta wajen da muryata take. Sannan ta ce, "Miƙo mini ita in gani." Da tafin hannu take nufi.

An haifi Ouma a gonar wani Bature, arewa da garin Keetmanshoop. Ubanta makiyayin gonar ne, uwarta kuma ita ce mai wanke fatu tana shimfiɗa su a kan buhu su bushe. Tumakin karakul ake kiwo a can, masu jelar kitse, waɗanda ake yanka 'ya'yansu ranar da aka haife su, domin idan ɗan ya kwana biyu nannaɗin gashinsa ya warware, fatar ta rage daraja. Tana da shekara tara aka fara aikenta ta kwaso jariran daga daji, biyu a hammata, ɗaya a wuya. Ta ce kafin ta iya rubuta sunanta ta iya shafa bayan ɗan rago ido rufe ta faɗi ko na yanka ne ko na ajiya.

Da ubanta ya mutu, aka sallami uwarta da tumaki uku bayan shekara ashirin da biyu tana aiki. Biyu baƙaƙe, ɗaya ruwan toka mai ɗingishi, wadda mai gonar bai ga amfaninta ba. Suka ɗora kwanukan ɗakinsu a amalanken jaki, suka yi kwana huɗu a hanya, suka sauka a gindin dutsen Brukkaros inda muke har yau. Daga gurguwar nan duk tokayen Ouma suka fito. Ko a shekarun da fata take tsada, masu saye suna bin gida-gida da mota, ba ta taɓa yarda an sa wa mace mai ruwan toka wuƙa ba. Tana cewa, "Waɗannan ba nawa ba ne, na Mama ne. Riƙo aka ba ni."

Ta yi aure, ta haifi huɗu, ta binne miji da 'ya'ya biyu. Uwata tana aikin kifi a Walvis Bay, ta kawo ni ina wata goma sha ɗaya ta koma. Da madarar akuya da tuwon masara Ouma ta raine ni, fatun baƙaƙen 'yan raguna kuma su suka kai ni makaranta. Ba na iya tuna ta sai da rigarta ta faci-faci, da ɗankwali ɗaure tamau, tana ƙanshin taba da hayaƙin itace. Mace ce gajera mai saurin tafiya da saurin baki. Faston cocinmu ma kan sauya hanya idan ya san ya yi mata laifi.

Doka ɗaya ce a garkenta wadda ba a takawa: toka ba ta auren toka. Ba ta taɓa ajiye rago mai ruwan toka ba, ko da ya fi kowane kyau. Baƙin rago kaɗai ke hawan tokayenta. Duk da haka babu ɗan da za a haifa ba ta buɗe masa baki ta duba harshe ba, tun kafin ta duba ko mace ce ko namiji. Ina yaro na zaci addu'a take tofa musu.

Ranar da na tambaye ta, muna zaune tana gasa gurasa a garwashi, ta ce, "Kowane ɗa da ƙoƙon shuni biyu yake zuwa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Ita toka ƙoƙonta ɗaya ya tsiyaye, shi ya sa ka gan ta haka. To idan uwa ta miƙa tsiyayye, uba ma ya miƙa tsiyayye, da me za a rina cikin yaron? Zai fito kyakkyawa, ya fi kowa haske. Muddin nono yake sha, lafiya lau. Ranar da ya fara cin ciyawa, ciki ya ƙi aiki. Tumbi ya yi ta kumbura, ƙafafu suna sirancewa, har ya kwanta. Na gan su da yawa a gonar Bature. Harshe ne kaɗai ke tona su tun ranar farko."

Shekarata ta biyu a jami'a a Windhoek, ina karatun kiwon dabbobi, malamin ilimin gado ya zana mana akwati mai gida huɗu a allo, ya rubuta karakul a sama. Ya ce ƙwayar gadon da ke sa ruwan toka, idan guda ɗaya ce, ado ce. Idan ta zo biyu, kisa ce. Ya ce ƙwayoyin da ke kai launi zuwa fata da waɗanda ke shimfiɗa jijiyoyin tumbi da hanji daga tushe ɗaya suke tasowa a jikin ɗan tayi, shi ya sa ake zaton abin da ya tauye wannan yakan tauye wancan. Ban jira an tashi ba, na fita na kira ta.

"Ouma, maganarki tana cikin littafi! Ta harshen nan, da toka da toka, duk Turawa sun rubuta."

"Wa ya gaya musu?"

"Bincike suka yi."

"Bincike! Ubana ne ya gaya wa Baturen gonarmu, yana tsaye yana jin sa da kunnen ƙashi. Yanzu wannan aka kwashe ka har Windhoek a koya maka? Da ka zauna a gida ka ɗebo mini ruwa."

Amma na ji dariyar da take dannewa. Daga ranar ta ƙara mini suna, idan tana son tsokana sai ta ce Dokta.

Sai fari ya zo, shekara uku a jere. Ina dawowa hutu ina tarar da garken yana raguwa. Ouma ta yi ta bin bishiyoyin ƙaya tana tsinto 'ya'yansu, tana dakawa tana ba su. Tumaki sittin da wani abu suka koma bakwai. Baƙin ragon ya mutu. A cikin tokaye saura Duifie kaɗai, mai shekara goma sha ɗaya, haƙoranta sun cinye har sai an jiƙa mata masara. Maƙwabta duk sun koma kiwon awaki da tumakin nama. Ni kuma na gama karatu, na aika takardun neman aiki ko'ina, shiru, na dawo gida da kwalina a jaka.

A lokacin ne idanun Ouma suka tafi. Ta daɗe tana ɓoyewa, sai da ta zuba shayi a gefen kofi sau biyu a gabana. A watan Janairu Anti Rebekka, yayar uwata, ta zo ta tafi da ita Keetmanshoop. Likita ya ce ba yana ba ce da za a cire, jijiyar ce ta riga ta mutu. Ta yi wata biyu a can ana sa mata magani don a tsare ɗan hasken da ya rage. Ranar da za su tafi, ta riƙe ƙofar mota ta ce, "Maigida, idan Duifie ta nemi miji, akwai baƙin rago a wajen mutanen nan na bayan garin Tses. Wannan ce haihuwarta ta ƙarshe, ka ji ko?"

Mako biyu da tafiyarta aka yi ruwa, ƙasa ta yi kore, Duifie ta fara neman rago. Bayan Tses kwana biyu ne a amalanke, jakunanmu kuwa haƙarƙarinsu a waje. Ina tsaye ina tunani sai ga Oom Salmon, maƙwabcinmu na ƙetaren rafi, a kan kekensa. Shi kaɗai ya rage da karakul a kusa, ragonsa kuma ruwan toka ne.

"Ɗan Fransina, tsohuwar nan za ka jijjiga har Tses? Gawa za ka kai musu. Ga angona can yana zaman banza, ci kawai ya iya kamar surukina."

"Oom, toka ne fa."

"To sai me? Shekara talatin ina haɗa toka da toka, ka taɓa jin na yi kuka? Camfin kakarka ne. Kai da ka yi boko ma?"

Gaskiya ya faɗa, bai taɓa kuka ba. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne Oom Salmon mai sayar da fata ne. Duk ɗan da aka haifa masa, kafin rana ta faɗi yana shanye a kan buhu. Bai taɓa jiran ɗaya ya ci ciyawa ba.

Bayan ya tafi na tsuguna na zana akwatin nan mai gida huɗu a ƙasa da tsinke. Idan baƙin rago ne: gida biyu toka, gida biyu baƙi. Idan ragon Oom ne: gida biyu toka mai lafiya, gida ɗaya baƙi, gida ɗaya mutuwa. Na duba na sake dubawa. Abin da Ouma take so toka ce, kuma ko ta nan ko ta can gida biyu ne. Har daɗi na ji, ina ganin na hango abin da tsohuwa ba ta hango ba. Washegari na ja Duifie da igiya muka ƙetare rafi.

Da Ouma ta kira ta tambaya, na ce an kai ta. Ta ce, "Tses?" Na ce, "I."

Ranar haihuwar, da na miƙa mata 'yar, ta ɗora ta a cinya ta bi ta da tafin hannu daga wuya zuwa jela, a hankali, sau uku. Fuskarta ta sake gaba ɗaya.

"Kai! Ka ji gashi kamar iska ta shafi ruwa. Irin na gurguwar Mama ne sak, har wannan juyin na kafaɗa." Ta sunkuya ta shinshina kanta. "Shekara sittin ina jiran ya dawo, sai da idona ya tafi ya zo. Dubi rashin kunya."

"Wane suna za ki sa mata?"

"Ka manta ne, Dokta? Ba a sa wa mai shan nono suna. Sai ta ci ciyawa ta ƙoshi, ta yi tuƙa, ta raba kanta da nono. Sannan mu san tamu ce."

Mako uku bayan haka Duifie ta kwanta a inuwar shinge da hantsi, ba ta tashi ba. Ouma ba ta yi kuka ba. Ta sa na haƙa rami a bayan gida, ta hana a feɗe ta, abin da ban taɓa ganin an yi wa tunkiya ba a garinmu. Daga ranar 'yar ta koma ɗaki. Ouma ta sa mata kwali kusa da murhu, tana ba ta madarar akuya a kwalba, tana yi mata hira kamar mutum. Inda duk ta taka da sandarta, 'yar tana biye, har ta zama ita ce ke nuna mata hanyar famfo.

Ni kuwa abinci ya daina shiga. Kullum da safe sai na faki idon da ba ya gani, na buɗe bakin in ga ko ɗigon ya ƙaru. Bai ƙaru ba. Na auna cikinta da igiya na ƙulla alama. Na hau tudun bayan coci inda waya take kamawa, na karanta duk abin da na samu. Wasu sun ce farin harshe hukunci ne. Wasu sun ce akan samu mai dabbare-dabbare ya rayu. Babu wanda ya ce komai a kan ɗigo ɗaya mai girman kan ashana.

A ƙarshen Agusta takarda ta zo, an ɗauke ni aikin wata shida a wani shagon abincin dabbobi a Mariental. Anti Rebekka ta ce za ta dawo gida ta zauna da Ouma. Ana gobe zan tafi, da la'asar, na tarar da Ouma a bakin ƙofa, 'yar tana tsaye tsakanin gwiwoyinta. Ba gashin take shafawa ba. Yatsunta suna ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, tana dannawa a hankali, tana saurare. Wurin da nake aunawa da igiya ne daidai.

Na durƙusa a gabanta. "Ouma, ban kai ta Tses ba."

"Na sani."

"Ragon Oom Salmon ne."

"Na ce maka na sani. Salmon yana da baki ko ƙofar shago? Ran Ista ya tare ni a bakin coci, wai yaya amaryar angonsa. A gaban fasto."

"Harshen kuma..."

"Fari ne. Tun ranar na ji. Kai tun kana ƙarami idan za ka yi ƙarya sai ka haɗiyi yawu, har daga bakin shinge ana ji."

"Me ya sa ba ki ce komai ba?"

"In ce me? In ce mayar da ita ciki?" Ta laluba ta kama kunnena, ta murɗa, ba da ƙarfi ba. "Gaya mini yadda aka yi. Kai ba sakarai ba ne, akwai abin da ka lissafa."

Na gaya mata gidaje huɗun, yadda na zana su a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe, lofe a hannu.

"Lissafinka daidai ne," in ji ta. "Ko ta ina gida biyu. Amma baƙar da ka jefar kamar ba komai ba, ka sa mutuwa a gurbinta, ita ma 'yar Duifie ce. Da baƙa ta haifa, da yanzu ina da 'yar Mama tana cin ciyawa, ina barcina. Launi na ce maka ina so, ko tunkiya?"

Na kifa kaina a gwiwarta, gefen 'yar, na yi kukan da rabona da shi tun ina firamare. Ta bar ni na yi. Can ta ce, "Ya isa, kada ka jiƙa mini riga, ita ke nan mai kyau. Fari fat ne, ko da wani abu?"

"Akwai ɗigo ɗaya. Baƙi. A gefen hagu."

"Kai, shi ne ba ka faɗa ba?" Ta juya lofen. "A gonar Bature na ga masu ɗigo guda biyu da aka bari. Ɗaya ta mutu tana wata biyar. Ɗayar ta haifi 'ya'ya tara, har ta tunkuyi ubana ta karya masa yatsa."

"Wannan fa, wacce ce a ciki?"

"Ni Allah ce? Ka je ka yi aikinka, maigida. Ciyawa ce za ta faɗa, ba ni ba, ba littafinka ba."

Da safe ta raka ni har bakin hanya, hannu ɗaya a sanda, ɗaya a kan 'yar. Ta cusa mini gurasa a jaka, ta ce kada in auro mata kishiyar birni mai dogon farce. Motar ta ɗaga, ina waiwaye ina hango su su biyu, gajeriyar tsohuwa da ɗan abu mai ruwan toka, har dutsen ya shanye su.

Yau wata biyu ina Mariental. Ɗakina yana bayan shagon, yana warin dusa da gishirin dabbobi. Duk manomin da ya shigo da ƙurar kudu a takalminsa sai na ji kamar in tambaye shi ko ya bi ta wajenmu. Ina kewar tarin Ouma na safe, da ƙarar cokalinta a kofin shayi, da zagin da take yi wa awaki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Igiyar awon tana aljihuna, na manta ban bar wa Anti ba.

Ouma ba ta iya hawa tudun bayan coci, saboda haka Anti Rebekka ce ke kirana duk Lahadi bayan an tashi. 'Yar ta shiga wata na biyar. An rage mata madara, ta fara cin ciyawa sosai. Lahadin da ta wuce na tambayi cikin.

"Ya ɗan taso," in ji Anti.

"Tasowar ƙoshi ko ta kumburi?"

"Gerson, ni shekara talatin ina ɗinki a gari, ina zan sani? Ciki dai ciki ne."

"Tana tuƙa?"

"Tana motsa baki. Ko tuƙa ce, ko gulmata take yi, oho."

"Ouma fa, me ta ce?"

"Kullum tana dannawa, ba ta ce mini komai. Ta dai ce in gaya wa mijinta ya riƙa cin abinci."

"Ta sa mata suna?"

"Tukuna."

Yau Alhamis. Saura kwana uku Anti ta hau tudu, kuma har yanzu ban san ko 'yar Duifie za ta rayu ba.